Yadda Ake Lissafin Kashi Cikin Ɗari a Kasuwa, a Gona da a Takardar Albashi

A ce ɗan kasuwa a Tudun Hatsi, cikin garin Gombe, ya sayi buhun masara naira 40,000, ya sayar 50,000. Shi ya ce ya ci ribar kashi 25 cikin 100. Ɗansa da ke riƙe masa littafi ya ce, "A'a Baba, kashi 20 ne." Dukkansu ba su yi kuskuren rabawa ba. Uban ya auna ribar 10,000 da kuɗin da ya zuba, wato 40,000, ɗan kuma ya auna ta da kuɗin da suka shigo, wato 50,000. Yawancin rikicin da ake yi a kan lissafin kaso daga nan yake fitowa: mutum ya iya ninkawa da rabawa sarai, amma bai tsaya ya tantance lambar da zai auna da ita ba. Don haka kafin a taɓa kalkuleta, tambayar farko ita ce: kashin mene ne?

Mataki na farko: gano uwar lissafin

In an ce kashi 15 cikin 100, ana nufin a kowace naira 100 a ware 15, a kowane buhu 100 a ware 15, a kowane mutum 100 a ƙirga 15. Abin da aka ɗauka a matsayin ɗarin gaba ɗaya, shi zan riƙa kira uwar lissafi. A ciniki, uwar ita ce abin da ka kashe. A rangwame, ita ce farashin da aka fara faɗa maka. In ana maganar ƙarin albashi ko tashin farashi, tsohon adadi ne uwa. A jarrabawa, jimillar makin da aka ware.

Ko a zaɓe haka ne. Tsarin mulkin 1999 ya ce kafin a ayyana mutum gwamna, bayan ya fi kowa ƙuri'u, sai ya samu aƙalla rubu'in ƙuri'un da aka kaɗa a kowace ɗaya daga cikin aƙalla kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomin jihar. Gombe na da ƙananan hukumomi 11. In a ɗaya daga cikinsu mutum 120,000 suka yi rajista amma 48,000 suka jefa ƙuri'a, uwar lissafi 48,000 ce, rubu'inta 12,000. Wanda ya ɗauki masu rajista zai fito da 30,000, ya tayar wa magoya baya hankali a banza.

Ka saba da rubuta uwar a gefe kafin komai: "40,000 = kashi 100". Layi ɗaya ne, amma rabin aikin ya ƙare ke nan.

Mataki na biyu: wace iri ce tambayar?

Duk yadda aka lanƙwasa labari, ko a takardar jarrabawa ko a bakin dillali, lambobi uku ne ke wasa: uwa, kaso, da abin da kason ya zama a kuɗi ko a kaya. Ana ba ka biyu, a ce ka nemo ta uku.

Iri na farko: ka san uwa, ka san kaso, kana neman kuɗin. An sayar da fili a Tumfure naira 2,400,000, aka yi da dillali za a ba shi la'adar kashi 5. Raba uwa gida 100, ka samu kashi 1, wato 24,000. Ninka sau 5, ka samu 120,000. Shi ke nan.

Iri na biyu: ka san uwa, ka san yankin, kana neman kaso. Aji mai ɗalibai 64, mutum 48 suka ci jarrabawa. Raba ƙaramar lambar da uwa, 48 ÷ 64 = 0.75, ka ninka sau 100, kashi 75. Yaron da ya ci maki 220 a JAMB, wadda jimillarta 400 ce, ya samu 220 ÷ 400 = 0.55, kashi 55 ke nan.

Iri na uku shi ke ba mutane wahala: ka san kaso, ka san kuɗinsa, uwar ce ta ɓuya. Tela ya ba da kafin alƙalami naira 18,000 a kan keken ɗinki, aka ce masa abin da ya biya kashi 15 ne na kuɗin. Nawa ne keken? In kashi 15 shi ne 18,000, kashi 1 shi ne 18,000 ÷ 15 = 1,200. Kashi 100 kuwa 120,000. Saura 102,000 ake bin sa.

Lura da cewa duka ukun ana iya bi ta ƙofa ɗaya, wato nemo kashi 1. Wanda ya manta duk wata ƙa'idar makaranta amma ya riƙe wannan, ba zai ɓata ba.

Lissafin ka, ba tare da waya ba

Tsofaffin 'yan kasuwa da ba su shiga boko ba suna yin wannan da ka fiye da masu digiri, saboda sun san yadda ake farfasa lamba. Kashi 10 shi ne ka goge sifili ɗaya: na 36,000 shi ne 3,600. Rabinsa kashi 5 ne, 1,800. Rabin wannan kuma kashi 2.5, wato 900. Da waɗannan guntaye uku kana iya haɗa kusan komai. Harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 a Najeriya tun Fabrairun 2020, shi ne kashi 5 da kashi 2.5 a haɗe: 1,800 da 900, naira 2,700. Kayan 36,000 zai koma 38,700. Kashi 15 shi ne na goma da rabinsa. Kashi 30 na goma ne sau uku.

Wanda ya yi karatun rabon gado a zaure ya riga ya san sauran da wasu sunaye. Rabi kashi 50 ne, rubu'i 25, tumunin takaba 12.5, sulusi 33 da ɗigon da ba ya ƙarewa, sudusi kusan 16.7. In aka ce maka kashi 12.5 na 640,000, kada ka wahalar da kanka da ɗigo, raba gida 8, ka samu 80,000. Kashi 20 kuma raba gida 5 ne.

Akwai wata dabara da ba kowa ya sani ba: ana iya juya lambobin biyu amsa ba ta canja ba. Kashi 16 na 25,000 yana da wuyar yi da ka, amma daidai yake da kashi 25 na 16,000, wato rubu'in 16,000, naira 4,000.

In kuwa da waya za ka yi, shawarata ka rabu da maɓallin % ɗin nan, don wayoyi ba su yi masa fassara ɗaya ba idan aka haɗa shi da tarawa ko cirewa. Mayar da kason lamba mai ɗigo ka ninka: kashi 7.5 shi ne 0.075, kashi 15 shi ne 0.15, kashi 5 shi ne 0.05. Wannan na ƙarshen shi ake yawan zamewa a kansa, mutum ya danna 0.5 ya fito da rabin kuɗi.

Riba: kada ka manta da kuɗin hanya

A nan ne ya kamata a zauna sosai, domin mutane da yawa jarinsu na narkewa suna ganin riba suke ci.

A ce ka saro buhun wake 20 a Kumo, kowanne 60,000, jimilla 1,200,000. Ka kawo Gombe ka sayar a kan 66,000. A ido, ka ci 6,000 a kan 60,000, kashi 10 cif. To amma da sauran rina a kaba. Mota ta karɓi 1,500 a kowane buhu, 30,000. 'Yan dako sun ɗora sun sauke, 300 a buhu kowane karo, 12,000. La'ada 500 a buhu, 10,000. Sababbin buhuna da zare da ɗinki, 8,000. Waɗannan sun tashi 60,000. Uwar kuɗinka ta gaskiya 1,260,000 ce.

Yanzu sake lissafi. Abin da ya shigo: 66,000 × 20 = 1,320,000. Cire 1,260,000, saura 60,000. Raba da uwa: 60,000 ÷ 1,260,000 = 0.0476, wato kashi 4.8 ma bai cika ba. Ƙasa da rabin abin da ka zata. Kuma ban sa abincin da ka ci a hanya da katin wayar da ka ƙona ba.

Daga nan tambayar da ta fi amfani ita ce: nawa zan sayar in ina son ribar kashi 15? Uwa ita ce kashi 100, ka ɗora 15, kana neman kashi 115. Ninka 1,260,000 da 1.15, ka samu 1,449,000. Raba gida 20, kowane buhu 72,450. In kasuwa ba ta kai nan ba, aƙalla ka san inda ƙafarka take kafin mai saye ya taya, kuma ka san cewa ƙasa da 63,000 a buhu ka fara cin uwar kuɗi.

Ga mai shago kuma, kada ya tara kaso biyu ya raba biyu ya ce ya samu matsakaici. Sabulun da ya saro 10,000 ya ba shi ribar kashi 30, sukarin da ya saro 90,000 ya ba shi kashi 5. In ya tara 30 da 5 ya raba biyu zai ce 17.5. Ba haka ba ne. Sabulu ya kawo 3,000, sukari 4,500, jimilla 7,500 a kan jarin 100,000, kashi 7.5. Kuɗin ake tarawa, sannan a fitar da kaso sau ɗaya. Haka ma ɗalibin da ya ci 9 cikin 10 a gwaji, ya ci 30 cikin 60 a jarrabawa: makinsa 39 cikin 70 ne, kusan kashi 56, ba 70 da zai samu in ya haɗa 90 da 50 ya raba biyu ba.

Hawa da sauka ba sa biyan juna

Buhun shinkafa na 50,000 ya tashi da kashi 20, ya koma 60,000. Kaka ta yi, ya sauka da kashi 20. Da yawa za su ce ya dawo 50,000. Bai dawo ba. Saukar a kan 60,000 aka lissafa ta, kashi 20 ɗinsa 12,000 ne, don haka buhun ya koma 48,000. Uwar ta canja a tsakiyar labari.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce mayar da kowane ƙari ko ragi lambar ninki. Ƙarin kashi 20 shi ne ninkawa da 1.20. Ragin kashi 20 shi ne ninkawa da 0.80. Sai ka jera su: 50,000 × 1.20 × 0.80 = 48,000. Ko sau goma farashi ya motsa, haka za ka yi ta jerawa.

Da wannan za ka gane wasu abubuwa da ake yi mana gab da salla. Shaddar 20,000 a ɗaga ta da kashi 25, ta koma 25,000, sannan a manna takarda a ce an yi rangwamen kashi 20. Kashi 20 na 25,000 shi ne 5,000. Ka biya 20,000 ɗin da ma can, kana ta godiya. Haka in aka ce an rage maka kashi 20, kuma don kai na gida ne an ƙara rage 10, ragin bai kai 30 ba: 0.80 × 0.90 = 0.72, kashi 28 aka sauke.

Wanda jarinsa ya karye da rabi kuwa, ribar kashi 50 ba za ta tashe shi ba. Miliyan ɗaya ta koma 500,000, ribar kashi 50 ta kai shi 750,000 kawai. Sai ya ninka abin da ya rage, kashi 100 cur, kafin ya koma inda yake.

Kaso na iya wuce ɗari, kuma wannan ba kuskure ba ne. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya tashi daga 30,000 da aka sa a 2019 zuwa 70,000 a 2024. Ƙarin 40,000 ne, a raba da tsohon: 40,000 ÷ 30,000 = 1.33, ƙarin kashi 133. Amma ma'aikaci ba kaso yake dafawa ba, don haka ga lissafin da ya fi shafar tukunya. A ce albashinka 100,000 lokacin da buhun shinkafa yake 40,000, kana iya sayen buhu biyu da rabi. Aka ƙara maka kashi 50, ka koma 150,000, shinkafa kuma ta ninka zuwa 80,000. Yanzu 150,000 ÷ 80,000 = 1.875, buhu biyu ma bai cika ba. Raba 1.875 da 2.5, ka samu 0.75. An yi maka ƙari, amma rubu'in ƙarfin albashinka ya tafi.

Wani wuri mai santsi shi ne idan kason kansa ne ya motsa. VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5. Tazarar 2.5 ce, amma harajin da kake biya ya ƙaru da rabi: kayan 100,000 da ake karɓar 5,000 a kansa yanzu 7,500 ake karɓa. Mai kare ƙarin zai ce biyu da rabi ne kacal, mai suka zai ce kashi 50 ne, kuma kowannensu yana da lambar da zai nuna.

Komawa da baya: an riga an ƙara, ko an riga an rage

An ba ka rasit na 53,750, an rubuta har da VAT. Nawa ne kuɗin kayan tsurarsu? Abin da hannu ke fara yi shi ne a nemi kashi 7.5 na 53,750 a cire, a samu 49,718 da 'yan kwabbai. Ba daidai ba ne, domin ba a kan 53,750 aka ɗora harajin ba. Kuɗin kayan shi ne kashi 100, da haraji ya zama 107.5. Saboda haka 53,750 kashi 107.5 ne. Raba shi da 1.075, ka samu 50,000. Harajin 3,750.

Rangwame ma haka. Ka biya 17,000 bayan an sauke maka kashi 15. Abin da ka biya kashi 85 ne na asali. 17,000 ÷ 0.85 = 20,000. Wanda ya ɗora kashi 15 a kan 17,000 zai tsaya a 19,550, ya ɓata 450.

Ƙa'idar gajeriya ce: tafiya gaba ninkawa, komawa baya rabawa da lambar ninkin. Kuma a nan ne gwajin amsa ya fi sauƙi. Ɗauki 20,000 ɗin da ka samu, cire kashi 15 ɗinta, 3,000, ka ga ko ka dawo 17,000. In ba ka dawo ba, uwar da ka ɗauka ba ita ba ce.

Takardar albashi

Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikacin da ke cikin tsarin adashen fansho zai zuba aƙalla kashi 8, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba aƙalla kashi 10. Uwar lissafin, a mafi ƙaranci, ita ce tsurar albashi da alawus na gida da na sufuri a haɗe. In waɗannan ukun sun tashi 120,000, za a cire maka 9,600, ma'aikata ta ɗora 12,000, asusunka ya samu 21,600 a wata. In saƙon da kamfanin fansho ke turo maka bai yi kusa da wannan ba, ka samu abin tambaya a ofishin albashi, da lamba a hannunka.

Zakka

Zakkar kuɗi da kayan kasuwanci ɗaya cikin arba'in ce, wato kashi 2.5. Ba sai ka yi wasa da ɗigo ba, raba gida 40. Naira 25 a kowace dubu, 25,000 a kowace miliyan. Wanda dukiyarsa ta kai nisabi, shekara ta zagayo tana 3,200,000, zai fitar da 80,000. Nisabin yana motsi da farashin zinare, don haka malamai da hukumomin zakka ke sanar da shi lokaci zuwa lokaci, kuma abin da zai shiga cikin uwar da abin da ba zai shiga ba, kamar bashin da ake bin ka da wanda kake bi, wannan tambayar malami ce. Lissafi daga bayan fatawa yake farawa.

Zakkar hatsi kuwa ranar girbi take, ba a jiran shekara, matuƙar amfanin ya kai nisabi. Abin da ruwan sama ya shayar ɗaya cikin goma ne, abin da aka shayar da wahala da kuɗi, kamar mai tayar da injin ban ruwa, rabin haka. Manomin damina da ya samu buhun masara 60 zai fitar da 6. Mai noman rani a Dadin Kowa da ya yi ta sayen fetur yana jan ruwa, ya samu buhu 60 na shinkafa, zai fitar da 3. In adadin bai rabu daidai ba, ka sauko zuwa mudu. Buhu 47, kashi 10 ɗinsa buhu 4.7 ne. A ce buhun naka na cin mudu 80, to 0.7 × 80 = 56. Buhu 4 da mudu 56.

Lambobin da ke jikin buhun taki

Lambobin nan uku da ake rubutawa, kamar 15-15-15 ko 20-10-10, kaso ne. Ta farko sinadarin naitirojin ce, mai sa ganye ya yi kore shar. Buhun NPK 15-15-15 mai kilo 50 yana ɗauke da kashi 15 na 50, kilo 7.5 na naitirojin. Na 20-10-10 yana da kilo 10. Yuriya kashi 46 ce, buhu ɗaya kilo 23. In malamin gona ya ce gonarka na buƙatar kilo 60 na naitirojin, da yuriya 60 ÷ 23 ne, buhu biyu da rabi da ɗoriya, da 15-15-15 kuwa 60 ÷ 7.5, buhu 8. Wannan ba ya nufin a watsar da NPK, tunda yana kawo wasu sinadarai biyu da yuriya ba ta da su. Amma lokacin taki na biyu, da naitirojin kawai ake nema, lissafin ya nuna inda kuɗinka zai fi yin aiki.

Bashi, biya kaɗan-kaɗan, da cajin POS

Ko mutum ba ya kusantar bashi mai kuɗin ruwa, ya kamata ya iya karanta shi, don 'yan'uwa da yawa sun faɗa ta waya ba su sani ba. Duk inda aka ambaci kaso a kan bashi, tambaya ta biyu bayan ta uwa ita ce: a wane tsawon lokaci? Kashi 5 a wata ba ƙaramin abu ba ne. A kan 100,000, naira 5,000 ne kowane wata, 60,000 a shekara. In kuma ba a biya ba ana ɗora ruwan a kan uwa, to ninkawa da 1.05 ne sau 12, bashin ya doshi 179,600, kusan kashi 80. Manhajar da ta ba ka 20,000 ta ce ka dawo da 24,000 bayan mako biyu ta karɓi kashi 20 a kwana 14. Shekara tana da irin waɗannan makonni bibbiyu 26, don haka da ma'aunin shekara kashi 520 ke nan.

Sayen babur biya kaɗan-kaɗan yana da nasa ɓoyayyen wurin. A ce kuɗi hannu 1,200,000 ne, a biya cikin shekara kuma 1,560,000. Ƙarin 360,000 ne, a kan 1,200,000 kashi 30. To amma in an ce ka fara ajiye 400,000, abin da aka jinkirta maka 800,000 ne kawai, kuma saboda shi kake biyan ƙarin. 360,000 ÷ 800,000 = 0.45. Mai sayarwa zai ce 30, aljihunka kuma 45 ya sani.

Cajin POS ƙarami ne amma darasin ɗaya ne. In ana karɓar naira 100 ko dubu ɗaya ka cire ko dubu biyar, mai cire 1,000 ya biya kashi 10, mai cire 5,000 ya biya kashi 2. Mai zuwa sau biyar yana cirar dubu-dubu ya ba da 500 a inda maƙwabcinsa ya ba da 100.

A haɗa su wuri ɗaya

Ga tambaya mai hawa-hawa irin wadda ake fuskanta a zahiri. Wata Hajiya a Pantami ta sayi buhun wake 10 da kaka, kowanne 55,000. Mota da dako da maganin ajiya suka ci 30,000. Ƙanenta ne ya zuba 232,000 a cikin jarin, suka yi za a raba riba gwargwadon abin da kowa ya sa. Bayan wata biyar farashi ya tashi da kashi 40. Da aka buɗe sito aka tankaɗe, ƙwari da bushewa sun ci kashi 10 na kayan. Dillali zai karɓi kashi 2 na cinikin. Nawa ce ribar, kuma nawa ne rabon kowa?

Kaso uku aka ambata a labarin, kowanne da tasa uwar, don haka a bi su ɗaya bayan ɗaya. Jari: 550,000 da 30,000, jimilla 580,000. Tashin kashi 40 a kan farashin buhu yake, ba a kan jari ba: 55,000 × 1.40 = 77,000. Asarar kashi 10 a kan yawan kaya take: buhu 10 ya koma 9. Ciniki: 9 × 77,000 = 693,000. La'ada a kan ciniki take: kashi 1 shi ne 6,930, kashi 2 kuma 13,860. Abin da ya shigo hannu: 693,000 − 13,860 = 679,140. Cire jari, riba 99,140.

A auna ta da jari: 99,140 ÷ 580,000 = 0.171, kashi 17 da ɗan ɗori, duk da cewa kasuwa ta tashi da 40. A raba wa wata biyar, kusan kashi 3.4 a wata, lambar da Hajiya za ta kwatanta da abin da kuɗin zai kawo mata in ta juya shi a wata sana'ar.

Rabon ƙanen: 232,000 ÷ 580,000 = 0.40, yana da kashi 40 na jarin. Ribarsa 99,140 × 0.40 = 39,656. Ta Hajiya 99,140 × 0.60 = 59,484. A tara su a gani: 39,656 da 59,484 sun ba da 99,140. Ƙanen zai karɓi 271,656, uwa da riba, Hajiya kuma 407,484.